Toshiyar bakin antibodi

Saƙonka ya iso. Ka ce antibodin da aka yi oda ya zo, furotin ɗin garkuwar jiki da zai kamo maka enzayim ɗin nan PIMT. Ka gwada shi a kan ƙwaƙwalwar ɓera da westan bulot, gwajin da ake jera furotin bisa nauyi a kan shimfiɗar membiren antibodi ya nuna wanda ake nema da layi, ka samu layi ɗaya tak, tas da shi, daidai kan nauyin kilodalton 25. Kana tambaya wai feftayid ɗin toshiya da kamfanin ke talla a gefe dole ne a saya, ko dai wayon 'yan kasuwa ne. Har da ƙara min da "Oga, ai ido ya gani."

Da ba ka rubuta 25 ɗin nan ba, wallahi da ban amsa maka ba. Da na ce ka je ka nemo takardar da ta zo cikin kwalin, wadda na tabbata ka zubar tare da ƙanƙara, ka karanta. Amma lambar nan ta taɓa cinye min aikin wata takwas, da kuɗin adashina, da wani yanki na mutuncina da har yau ban gama karɓowa ba. Don haka buɗe kunne.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Sau da yawa kamfanonin nan ba sa ɗaukar furotin ɗungurungum su yi wa dabba allura. Guntu suke zaɓa, amino asid 10 zuwa 20, su jera su a inji ɗaya bayan ɗaya, dabarar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963, har ta ba shi kyautar Nobel a 1984. Sai su liƙa guntun a jikin wani ƙaton furotin na dodon-koɗin teku, KLH, don jikin dabbar ya lura da shi, su yi wa zomo ko ɓera allura. Antibodin da zai fito bai taɓa ganin enzayim ɗinka ba, guntun nan kaɗai ya sani. Shi wannan guntun ne feftayid ɗin da ake busarwa a zuba a 'yar kwalba a sayar maka. Antibodi baki biyu gare shi. In ka haɗa shi da feftayid tun a bututu kowane baki ya cika, a ƙoshe zai iso kan membiren, ba zai ciji kowa ba. Ni toshiyar baki nake ce mata, kuma ita kaɗai ce toshiyar bakin da na taɓa bayarwa ban ji kunya ba. Layin da ya ɓace bayan toshiya, bakin antibodi ne ya kama shi. Wanda ya tsaya ƙyam kuwa wani abu ne daban ya zana shi, kai kana can kana yi wa rogo kallon kitse.

Shi kansa enzayim ɗin, ka san aikinsa, ko sunan kawai ka haddace? Furotin ma tsufa yake yi. Inda amino asid ɗin asfarajin ko asfatet yake a cikin sarƙar furotin, wurin yakan naɗe da kansa ba wanda ya taɓa shi, ya zama zobe, in zoben ya buɗe ta gefen da bai dace ba sai sarƙa ta karkace. Wannan karkatar ce aiso-asfatet. PIMT ke bi yana nemanta, ya ɗauko wani ɗan gutsure da ake kira metil daga sinadarin SAM na cikin jiki ya manna mata, wurin ya sake zama zobe, ya sake buɗewa. Mafi yawan lokuta karkatar yake sake komawa, sai enzayim ya dawo, ya kuma dawowa, har a dace. Maƙeri ne da ba ya gajiya da mayar da ƙarfe wuta. A 1997 ɗakin gwajin Steven Clarke a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis suka samar da ɓerayen da ba su da shi, wajen sati shida da haihuwa farfaɗiya ta riƙa kashe su. A ƙwaƙwalwa ya fi yawa, ana samunsa a jajayen ƙwayoyin jini ma. Na ɗan Adam amino asid 227 ne, nauyinsa kusan kilodalton 25.

To shi kuma IgG, antibodin da ke yawo a jinin kowace dabba mai shayarwa, in ka dafa samfur da ruwan lodi ya rabe gida biyu. Babbar sarƙa ta tsaya kan 50. Ƙaramar ta tsaya kan 25. Ka ga inda gizo ke saƙa?

Ni sai da na biya kafin na gani.

Wani malami ne mai neman digiri na uku ya same ni, ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma don ya cancanci a rufa masa asiri ba. Yana so ya nuna cewa jiƙon wani ganye yana ƙara wannan enzayim a ƙwaƙwalwar tsofaffin ɓeraye. Ya zo da ladabi, har da durƙuso. "Malam, an ce duk garin nan ba mai fitar da westan bulot kamarka." Gaskiya ya faɗa, har gobe ma haka ne. Muka yi cewa zai biya ni a ƙarshe, kuma sunana zai shiga takardar. Ban ce a rubuta ba, kunya ta hana ni. Na ba shi jerin kaya, na rubuta antibodi na zomo, na rubuta feftayid ɗinsa a ƙasa, har na ja masa layi. Bayan wata biyu ya dawo da antibodi na ɓera, wai ɗan kwangilar ya ce ya fi araha. Feftayid kuwa, "Malam, kuɗin ba su kai ba, mu fara tukuna." Antibodin ɓera a kan naman ɓera. Na san da magana a kai, na faɗa masa, ya yi ta magiya, na sakar masa. Abin da bai gaya min ba, sai daga baya na ji a bakin yaronsa, kwalbar ta yi kusan wata a firizar gidansa tare da nama, a lokacin zafi, wuta ta zo ta daskare, a ɗauke ta narke, kullum. Gawa ya kawo min.

Ranar farko da na fito da fim daga ruwan wanki, na ɗaga shi wajen jan ƙwan nan na ɗakin duhu, ga layi ya kwanta kan 25 kamar da rula aka ja shi. Ba datti, ba ɗigo. Na ɓerayen da ba su sha jiƙo ba siriri, na waɗanda suka sha kauri kamar an yi da gawayi. Mutumin nan ya rungume ni. Ya aika aka sayo mana tsire da lemo. Muka maimaita sau uku, abu ɗaya. Wata takwas muna kai, in janareta ya ƙi tashi ni ke zama ina karkaɗa tiren da hannu har awa guda, a dare, sauro na cina. Membiren ya ƙare na saya da kuɗina, fim ya ƙare na saya, duk a kan "za mu yi lissafi, Malam".

Sai da takarda ta je wata mujalla a waje, mai dubawa ya dawo da tambaya ɗaya, layi biyu kacal. Wace shaida ce ke nuna wannan layin na enzayim ɗin ne? Nan mutumin naka ya tuna da feftayid. Ya ce ba shi da ko sisi. A watan na kwashi adashi, kuɗin da na ware wa ragon layya, na bayar aka yi oda. Ya iso, na haɗa da hannuna, na raba membiren biyu, ɗaya da toshiya ɗaya babu. Na wanke fim. Layi na nan a duka biyun, ko dusashewa bai yi ba. Na ce ko feftayid ɗin ya yi kaɗan, na ninka. Yana nan. Na sake ninkawa. Yana nan yana kallona.

A daren na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ɗauko sabon membiren ban yanka shi ba, ban sa antibodi na farko ba sam, na zuba na biyu kaɗai, na akuyar nan mai kama IgG na ɓera, wanda aikinsa ya kama na farkon ya fitar da layi. Layi biyu suka fito, ɗaya kan 50, ɗaya kan 25. Na zauna a kan kujerar ɗakin duhu ban kunna fitila ba, na daɗe. Wata takwas jinin ɓera muke aunawa. Na farkon matacce ne, ba abin da yake kamawa, na biyun ne ke cafke antibodin da ke cikin jinin dabbar da kanta.

Za ka ce ya aka yi ban ga na 50 ba duk tsawon lokacin. Tsimi ne. Kullum sai na yanke membiren a wajen 35, ƙasan in sa masa antibodin PIMT, saman in sa na aktin, furotin ɗin da ake duba daidaiton lodi da shi, wanda yake kan 42, shi kuma na zomo ne, na biyunsa daban. Babbar sarƙar tana can sama a yankin da mai kama ta bai taɓa zuwa ba. Da hannuna na yanke shaidar da za ta tona abin. Wannan laifina ne, na yarda, kuma kai ne mutum na biyu da na taɓa faɗa wa. Bambancin kauri kuwa? Rukunin farko ni na yi su, na wanke jininsu ta zuciya da ruwan gishiri kafin in cire ƙwaƙwalwa, yadda ake yi. Rukunin masu jiƙo yaronsa ya yi su ranar Juma'a ina masallaci, yana sauri, ya cire su da jininsu. Jini ya fi yawa, layi ya fi kauri. Ganyen bai yi komai ba.

Da safe na kai masa fina-finan biyu, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya yi shiru, can ya ce ko za a iya tura na farkon kawai a ce an yi gwajin. Na ce ba da hannuna ba. Bayan sati biyu a taron sashe, gaban manya da yara, ya miƙe ya ce ma'aikacin lab ya lalata masa samfura. Ni ke nan, ko sunana bai kama ba. Shekara nawa ina koya wa irinsu riƙon fifet, ranar na koma "ma'aikacin lab". Ya shafa min kashin kaji ya zauna. Ba wanda ya tambaye shi wa ya sayo na ɓera, wa ya ƙi sayen feftayid, wa ya ajiye kwalba kusa da kan saniya. Kuɗina ko kwabo bai dawo ba. Shekarar ban yi layya ba, maƙwabta suka aiko mana da nama, matata ba ta ce komai ba, shirun nata ya fi zagi ciwo. Shi yanzu babban mutum ne. In ya wuce ni a mota ya sauke gilashi ya ce "Malam, ya aiki?" In ce "Da godiya." Na bar shi da Allah, amma ban manta ba, kuma ba na so in manta.

To ka saya. Ka tabbata dai feftayid ɗin na wannan antibodin ne, lambar kaya da lambar kaya, daga kamfani ɗaya. Na wani kamfani ko da sunan PIMT ne a jiki yana iya zama daga wani yanki na furotin, ba abin da zai toshe. In kuma da furotin gaba ɗaya aka yi antibodinka, guntu ɗaya ba zai cika bakunan duka ba, kar ka ɓata kuɗi.

Yadda ake haɗa jel, da lodi, da tura furotin kan membiren, da rufe shi da madara, ba zan ɓata yawuna ba. Wanda ya shekara a ɗakin gwaji bai iya waɗannan ba ya koma sayar da katin waya. Abin da kuke kuskurewa shi ne awo. Ka fara gano mafi ƙarancin antibodin da zai ba ka layi mai kyau. Ku yaran yanzu kuna antaya shi kamar manja a miya, in ya yi yawa ba feftayid ɗin da zai ƙosar da shi. Ka shirya bututu biyu daga haɗi ɗaya, ba haɗi biyu daban-daban ba. Ɗaya ka sa feftayid ninki 5 zuwa 10 na nauyin antibodin, ɗayan ka sa bafa zalla daidai yawan wancan. Kar ka raina ninki 5. Antibodi nauyinsa dalton 150,000, feftayid mai amino asid 15 bai kai 2,000 ba, kenan kowane antibodi ɗaya feftayid wajen 400 ne ke kewaye da shi. A ɗan ƙaramin ruwa za ka haɗa su, su yi awa ɗaya ko biyu suna juyawa, ko su kwana a firij a digiri 4, sannan ka tsarma. Ni kwana na fi so, in ka tabbata wuta za ta kwana. Samfur iri ɗaya a gefe biyu na jel ɗaya, ka raba a tsaye, ba a kwance ba, kowane rabi ya ɗauko tun daga sama har ƙasa. Wanki tare, fim ɗaya, tsawon haskawa iri ɗaya. Wanda ya haska ɗaya minti biyar ɗayan daƙiƙa talatin ya zo ya ce min layi ya ɓace, sai na kore shi. Ka ƙara kashi na uku mai antibodi na biyu kaɗai, kyauta ne wannan, kuma shi ne zai cece ka daga abin da ya ci ni. In da hali ka yi na huɗu da wani feftayid da ba ruwansa da maganar, don wani lokaci ba toshiya ce ta kashe layin ba, ruwan da ka narka feftayid da shi ne ya kashe antibodin.

Kar kuma layin ya ɓace ka ɗauki hoto da waya ka sa a sitatus kana "Alhamdulillah an gama". Na ga kuna yi. Toshiya tana shaida abu ɗaya ne kawai, cewa da bakinsa antibodi ya kama. Ba ta ce wanda ya kama ɗin shi ne wanda ka aike shi ba. In akwai wani furotin mai yanki kama da guntun nan, zai cije shi, kuma in ka toshe baki wannan layin ƙaryar ma zai ɓace tare da na gaskiyar. PIMT yana da dangi, PCMTD1 da PCMTD2, masu yanki irin nasa. Ka nemi jerin amino asid ɗin feftayid ɗin ka sa a BLAST na NCBI, shafin intanet mai kwatanta jeri da na sauran furotin, kyauta ne, da datar da kake ƙonawa a kallon ƙwallo za ka yi. Ka duba kuma daga ina aka yanko shi. Enzayim ɗin na ɗan Adam iri biyu ne, bambancinsu a wutsiya, ɗaya ya ƙare da RWK ɗaya da RDEL, in daga can ƙarshen aka ɗauko guntun antibodinka yana iya ganin ɗaya ya wuce ɗayan. Kamfanin da ya ce jerin sirrinsa ne, ni ba na son hulɗa da shi, kamar mai sayar da akuya ne a cikin buhu. A 2016 wani kwamitin masana da Mathias Uhlén na Suwidin ya jagoranta ya jera hanyoyi biyar na tantance antibodi, toshiya da feftayid ba ta ciki. Ta farkonsu ita ce ka samo ƙwayar da aka kashe wa ƙwayar gadon da ke samar da enzayim ɗin, ko aka rage yawansa da dabarar siRNA, ka ga ko layin zai tafi. Wannan ce shaidar da ba a musu. Mu a nan samunta sai an roƙi wani a waje ya aiko, kuma roƙon ba abin kunya ba ne, ka rubuta musu, wasu suna amsawa. Kafin nan feftayid shi ne abin da hannunmu ke kaiwa, kuma da na yi shi a satin farko da na yanka ragona.

Ajiyarsa. In ya iso kar ka buɗe shi da sanyinsa, ka bari ya huce a kan tebur, in ba haka ba raɓa ta shiga garin ya jiƙe. Ka juya kwalbar a sentirifuj tukuna, don ɗan garin yakan maƙale a murfi, na ga yaron da ya buɗe ya hura rabin kuɗin sashe a iska ya ce min an turo kwalba ba komai. Ka narka, ka rarraba ƙanana-ƙanana, ka daskarar a 20 ƙasa da sifili, wanda ka narkar sau ɗaya ba ya komawa. Ka duba jerin kuma, in akwai asfarajin da gilaisin a jere, N da G, ka yi hattara. Geiger da Clarke sun auna a 1987, a digiri 37 cikin ruwa mai pH 7.4, irin wannan guntun rabinsa yana lalacewa cikin kwana ɗaya da rabi. Ɗakinmu a watan Afrilu in an ɗauke wuta ya wuce 37. Ka bar shi a kan tebur daga Juma'a zuwa Litinin, feftayid ɗin da ka saya don gwada enzayim mai gyaran aiso-asfatet shi kansa ya zama aiso-asfatet, kuma babu maƙeri a cikin bututun da zai miƙe shi.

Ba ka faɗa min antibodin naka na zomo ne ko na ɓera ba, wannan ma ya nuna min ba ka duba ba. Ranar Litinin ƙarfe takwas ka zo da kwalbar, da littafin aikinka, littafi na takarda ba hoton waya ba, da membiren da ba ka yanka ba. Fina-finan nan biyu suna nan a durowata ta ƙasa cikin ambulan, gefensu ya fara ja. Zan ɗaga maka su a taga ka nuna min wanne ne enzayim.